Ba Edison Ne Ya Haifi Kujerar Lantarki Ba: Martani

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala a kan tarihin kujerar lantarki, wato kujerar nan da Amurkawa suka shafe kusan shekara 130 suna ɗaure wanda aka yanke wa hukuncin kisa a kanta, su sakar masa wuta har rai ya yi halinsa. Rubutun ya yi daɗin karatu, an kuma yaɗa shi sosai. Ginshiƙin maganarsa ɗaya ne: wai kujerar 'yar rikicin kasuwa ce, Thomas Edison ne ya ƙirƙiro ta don ya ɓata sunan abokin hamayyarsa George Westinghouse, kuma ba don kwaɗayin wannan mutum ɗaya ba, da duniya ba ta taɓa saninta ba. Malamin ya ƙara da labarin giwar nan Topsy, wadda ya ce Edison ya kashe da lantarki a gaban jama'a don ya tsorata su.

Wannan labari ya daɗe yana yawo, kuma yana shiga kunne don yana da mugu guda da za a nuna da yatsa. Sai dai ranakun da abubuwan suka faru sun ƙaryata shi. Illarsa kuma ta wuce kuskuren suna, domin yana wanke mutanen da hannunsu ya fi na kowa shiga cikin lamarin dumu-dumu.

A watan Agusta na 1881, a garin Buffalo na jihar New York, wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ya sha ya bugu ya kutsa gidan wutar kamfanin Brush, ya kama janareto da hannu, ya faɗi matacce nan take. Labarin ya kai kunnen wani likitan haƙori na garin, Alfred Southwick. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne saurin mutuwar. Daga nan ya shiga gwaji a kan karnukan da ba su da masu su, tare da wani likita mai suna George Fell, yana kuma rubuce-rubuce cewa ga hanyar da ta fi rataya. A wannan shekara ta 1881 Edison bai ma buɗe tashar wutarsa ta farko a birnin New York ba, sai a 1882. Westinghouse kuwa bai kafa kamfaninsa na lantarki ba sai 1886. Ke nan tunanin kisa da lantarki ya girmi rigimar da malamin ya ce ita ce uwarsa da shekara biyar aƙalla.

Abin da ya ba Southwick kasuwa shi ne halin da rataya ke ciki a wancan zamani. Kowace gunduma tana rataye nata, a hannun jami'an da wasunsu ba su taɓa yin aikin ba. In igiya ta yi gajarta, mutum ya yi ta shure-shure yana shaƙewa tsawon mintuna. In ta yi tsawo, kai ya cire. Jaridu kuma suna kwashe komai su kai wa masu karatu da safe. A 1885 Gwamna David Hill ya faɗa wa majalisar dokokin jihar cewa rataya gadon zamanin duhu ce, ya nemi kimiyya ta samo wata hanya. A 1886 aka kafa kwamitin mutum uku: Elbridge Gerry, da lauya Matthew Hale, da Southwick kansa.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne Gerry, domin a nan labarin malamin ya fara rushewa. Gerry yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare yara daga cin zali a New York, ya kuma daɗe yana lauyan ƙungiyar kare dabbobi. Mutum ne da duk gari ya shaida da tausayi. Kwamitinsa ya bi hanyoyin kisa na duniya ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙi na'urar sare kai ta Faransa saboda jini. Ya duba allurar guba, likitoci suka nuna ba sa so, don gudun kada mutane su riƙa tsoron allurar asibiti. A watan Janairu na 1888 kwamitin ya ba da shawarar lantarki, a watan Yuni gwamna ya sa hannu, doka ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1889.

Akwai wani sashe na wannan doka da malamin bai ambata ba, alhali shi ne ya fi tona asirin manufarta. Dokar ta ɗauke kisa daga gundumomi ta mayar da shi can cikin manyan gidajen yarin jiha, Auburn da Sing Sing da Clinton. Ta kuma haramta wa jaridu buga bayanin yadda kisan ya gudana, iyakar abin da aka yarda su ce shi ne an zartar da hukunci a rana kaza. Ina ruwan mai son tallar kayansa da toshe bakin jaridu? Wanda ke son a ɓata sunan Westinghouse so yake kowa ya ji, kowa ya gani. Masu wannan doka wata buƙata ce daban ta dame su: a ci gaba da kisa, amma ido ya daina gani, zuciya ta daina tashi.

Edison yana da nasa laifin, kuma ba ƙarami ba ne. A ƙarshen 1887 Southwick ya rubuta masa wasiƙa yana neman shawara. Da farko Edison ya ce shi ba ya goyon bayan hukuncin kisa sam. Da aka sake tuntuɓarsa a watan Disamba, sai ya canza baki, ya ce in dai za a yi, abin da ya fi dacewa shi ne injinan lantarki mai kai-komo, wanda masu aikin wuta ke kira AC, ya kuma ambaci sunan Westinghouse a matsayin babban mai ƙera su. Shi Edison kasuwarsa ta miƙaƙƙen lantarki ce, DC, wanda ba ya tafiya nesa, ga tsadar waya. Na Westinghouse, irin wanda ke cikin gidajen jama'a a yau daga Kano har Yamai, yana cinye masa kwastomomi. Ya ga dama, ya dama.

Bayan haka wani mai aikin lantarki, Harold Brown, ya fito. A ƙarshen Yuli na 1888, a kwalejin Columbia, ya sa kare a keji a gaban 'yan kallo, ya yi ta gana masa azaba da DC har ƙarfin bolt 1,000 bai mutu ba, sannan ya gama da shi da AC na bolt 330. A watan Disamba ya kashe 'yan maruƙa da doki a ɗakin gwaje-gwajen Edison da ke West Orange. Da Westinghouse ya ƙi sayar wa gidajen yari injinansa, Brown ya samo su ta bayan fage a hannun dillalan tsofaffin kaya. A watan Agusta na 1889 jaridar New York Sun ta buga wasiƙun da aka sato daga ofishinsa, suka nuna yana da alaƙa da kamfanin Edison da na Thomson-Houston. Duk wannan ya faru, kuma abin kunya ne. Amma abin da Edison ya fi yin tasiri a kansa shi ne irin wutar da za a jona. Ya tarar da shawarar kisa da lantarki ta riga ta yi nisa, a hannun likitan haƙori da lauyoyi da gwamna.

Batun giwa kuwa ba ya ma cikin lissafi. An kashe Topsy a Coney Island ranar 4 ga Janairu, 1903, bisa shawarar masu gidan wasan da take ciki. Edison ba ya wurin. Ma'aikatan kamfanin fim mai ɗauke da sunansa ne suka ɗauki hoton, shi ya sa sunan ya manne. A lokacin rigimar AC da DC ta mutu da shekara goma.

Mutumin farko da ya hau kujerar shi ne William Kemmler, mai tallar kayan miya a Buffalo, wanda ya kashe matar da yake zaune da ita, Tillie Ziegler, da ɗan gatari a watan Maris na 1889. Wani fitaccen lauya, Bourke Cockran, ya tsaya masa, mutane da yawa kuma sun yi imani Westinghouse ne ke biya. Edison ya zo ya ba da shaida cewa mutuwar za ta zo nan take ba ciwo, ko da yake da aka matsa masa da tambaya ya amsa cewa ba shi da ilimin jikin ɗan Adam. A watan Mayu na 1890 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi tsayar da hukuncin.

Da sanyin safiyar 6 ga Agusta, 1890, aka shigo da Kemmler ɗakin kisa na gidan yarin Auburn, sanye da kwat, an aske masa tsakar kai. Aka yanke rigarsa ta baya don a manna ƙarfe a ƙasan gadon bayansa, aka ɗora ɗaya a kansa. Shi ne ma yake kwantar wa shugaban gidan yarin, Charles Durston, da hankali, yana ce masa ya bi a hankali ya yi aikin daidai. Aka saki wuta daƙiƙa 17, likitoci suka ce ya mutu. Can sai wani ya lura ƙirjinsa na hawa da sauka, ga wani gurnani na fita daga bakinsa. Likita Edward Spitzka ya ɗaga murya a mayar da wuta maza. Sai da aka jira inji ya sake ɗaukar ƙarfi. A karo na biyu aka ƙara wutar aka kuma bar ta ta daɗe, jijiyoyi suka fashe a ƙarƙashin fata, ƙaurin gashi da nama ya cika ɗakin. Wasu shaidu suka nemi ƙofa, wani ɗan jarida ya suma. Abin ya ɗauki kimanin minti takwas. Jaridu suka yi watsi da dokar hana bayani suka buga komai. Westinghouse ya ce da gatari aka sa da ya fi. Southwick, wanda ke tsaye a ɗakin, ya ce daga ranar an shiga wani matakin wayewa mafi girma.

To, a nan ne tambayar da malamin ya kauce wa take. In kujerar dabarar talla ce kawai, me ya sa ba ta mutu a ranar ba? Gwajin farko ya watse a gaban likitoci da 'yan jarida. Shekara biyu bayan haka, a 1892, aka haɗe kamfanin Edison da Thomson-Houston aka samar da General Electric, Edison ya rasa iko, sabon kamfanin kuma ya rungumi AC. A 1893 Westinghouse ne ya haska babban baje kolin duniya na Chicago. Rigima ta ƙare, babu sauran mai riba a ɓata sunan kowa. Amma daga nan ne kujerar ta fara yaɗuwa: Ohio, Massachusetts, New Jersey, Virginia, har ta mamaye jihohi fiye da 20, musamman na Kudu. New York kaɗai ta kashe mutum 695 a kanta kafin ta daina a 1963, daga ciki 614 a Sing Sing. A faɗin ƙasar adadin ya haura 4,000. Edison ya mutu a 1931, kujerar ta ci gaba da aiki kusan shekara 90 a bayansa. Ƙasa ɗaya tak ta ara, Filifins, wadda Amurka ta mulka, ta kuma yi amfani da ita har 1976. Hukumar nazarin hukuncin kisa da Birtaniya ta kafa a 1949 ta duba ta, ta ga ba ta fi rataya da komai ba.

Waɗanda suka raya ta 'yan majalisa ne da gwamnoni da alƙalai, kuma shari'ar Willie Francis ta nuna yadda suka yi. Francis baƙar fata ne, yaro ɗan shekara 17 daga St. Martinville a Louisiana, an same shi da laifin kashe wani mai kantin magani a shari'ar da lauyoyinsa ba su kira shaida ko ɗaya ba. A lokacin kujerar jihar a mota ake yawo da ita gari-gari. Ranar 3 ga Mayu, 1946, wani gandiroba da wani fursuna suka haɗa wayoyin, daga baya shaidu suka ce a buge suke. Aka saki wuta, jikin yaron ya ɗauki rawa, kujera na motsi, yana ihu a cire masa abin fuska ya sha iska. Bai mutu ba. Aka kwance shi aka mayar da shi ɗaki. Wani matashin lauya, Bertrand DeBlanc, ya kai maganar har Kotun Ƙoli, yana cewa mayar da shi kujera azaba ce sau biyu. A watan Janairu na 1947 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce abin da ya faru tsautsayi ne wanda ba wanda ya nufa. Mai shari'a Harold Burton, cikin waɗanda suka ƙi, ya kira shi kisa kashi-kashi. Mai shari'a Felix Frankfurter ya bi masu rinjaye, sannan a ɓoye ya roƙi wani abokinsa lauya ya nema wa yaron sassauci a wurin gwamna. Ba a samu ba. Ranar 9 ga Mayu, 1947, aka sake zaunar da Francis a kan kujerar, wannan karon ya mutu.

Babu ɗan kasuwa ko ɗaya a cikin wannan labari. Akwai alƙali da zuciyarsa ta gaya masa gaskiya, hannunsa kuma ya sa hannu a kan akasinta.

Labarin Edison yana kuma rufe wata tambaya mai nauyi, wato su wa aka fi zaunarwa. George Stinney yana da shekara 14 lokacin da Carolina ta Kudu ta kashe shi ranar 16 ga Yuni, 1944, bisa zargin kashe 'yan mata biyu fararen fata. An yi shari'ar cikin yini guda, masu yanke hukunci duk fararen fata ne, kuma cikin kimanin minti goma suka gama shawara. Ƙanƙantarsa ta sa abin rufe fuska ya zame lokacin da wuta ta shige shi. A watan Disamba na 2014 wata alƙaliya, Carmen Mullen, ta soke hukuncin, shekara 70 bayan an binne shi. Lena Baker, 'yar aiki baƙar fata da Georgia ta kashe a 1945 duk da ta ce kare kanta ta yi, sai a 2005 aka yi mata afuwa. A watan Fabrairu na 1951 Virginia ta kashe baƙaƙen fata bakwai daga Martinsville bisa laifin fyaɗe. Daga 1908 zuwa 1951 jihar ta kashe mutum 45 kan wannan laifi, kuma dukansu baƙaƙe ne. A 2021 gwamnan jihar ya yi wa bakwai ɗin afuwa. Mai goyon bayan hukuncin kisa da mai adawa da shi duka ya kamata wannan ya dame su, domin wanda ya yarda da ƙisasi ya fi kowa sanin cewa sharaɗinsa adalci.

Yadda aka rabu da kujerar ma ya ƙara tabbatar da dalilin zuwanta. Tun 1928 aka ga alama, lokacin da wani mai ɗaukar hoto, Tom Howard, ya ɗaure ƙaramar kyamara a idon sawunsa ya ɗauki Ruth Snyder tana kan kujera a Sing Sing, jaridar Daily News ta cika shafinta na farko da hoton. Abin da ya fusata hukuma shi ne an gani. A 1983 Alabama ta sakar wa John Evans wuta sau uku cikin minti 14, hayaƙi na tashi daga kansa da ƙafarsa. A Florida, harshen wuta ya tashi daga kan Jesse Tafero a 1990, saboda an sauya soson ruwa na asali da na roba. A 1997 haka ta sake faruwa da Pedro Medina. Duk wanda ya tashi a gidan da aka koya masa cewa azaba da wuta ba ta ɗan Adam ba ce, ya san nauyin wannan. Amma babban lauyan jihar na lokacin, Bob Butterworth, cewa ya yi masu niyyar kisan kai su guji Florida, tunda kujerarta na iya samun matsala. A 1999 jini ya wanke rigar Allen Lee Davis, sai wani alƙalin Kotun Ƙolin jihar, Leander Shaw, ya liƙa hotunan gawar a jikin hukuncinsa na rashin amincewa, suka bazu a intanet. Kotun Ƙolin Amurka ta ce za ta duba batun. Kafin ta zauna, a watan Janairu na 2000, Florida ta yi maza ta kawo allura. Kotun Ƙolin Georgia ta haramta kujerar a 2001, ta Nebraska a 2008.

Allurar da ta gaje ta da alkawarin da Southwick ya yi ta zo: sauri, tsafta, babu ciwo. Oklahoma ta yi dokarta a 1977, Texas ta fara aiki da ita a 1982. Wani malamin jami'a, Austin Sarat, ya bi kisan da aka zartar a Amurka daga 1890 zuwa 2010, ya gano cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kisan kujera ne aka samu tangarɗa, na allura kuwa ya haura kashi 7. Bambancin shi ne allura ba ta hayaƙi, ba ta ƙauri, kuma shekaru da dama a yawancin jihohi an riƙa haɗawa da maganin da ke sandarar da jiki, mai kallo ya ga kamar barci ake. Fursunonin da abin ya shafa sun gane haka. A Tennessee, daga Edmund Zagorski a watan Nuwamba na 2018 zuwa Nicholas Sutton ranar 20 ga Fabrairu, 2020, mutum biyar ne suka zaɓi kujerar lantarki da bakinsu, saboda sun fi tsoron allurar.

Saboda haka malam marubuci ya sake duba takardunsa. Edison ya yi ha'inci, ya sayar da ra'ayinsa don kasuwa, tarihi kuma ya rubuta masa. Amma kujerar ta mutanen kirki ce masu neman a kashe ba tare da hankalinsu ya tashi ba, da majalisun da suka saye ta bayan sun ji abin da ya faru a Auburn, da kotunan da suka yi ta ba ta lasisi. Har yau Kotun Ƙolin Amurka ba ta taɓa cewa kujerar lantarki ta saɓa wa tsarin mulki ba, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙolin Carolina ta Kudu, jihar da ta kashe George Stinney, ta yanke cewa halal ne a ci gaba da amfani da ita.